Ruwan da Ɗanladi Ya Zuba a Kabarin Inna

Ƙofar Durbi, Katsina
14 ga Maris, 1999

Zuwa ga ɗiyata Fadila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wagga takarda ta same ki lafiya, ke da aikin asibiti da baƙuncin Ibadan. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sauko tun kafin lokacinsa. Matata Hajo tana gaishe ki, ta ce ko barkonon Yarbawa ya mantar da ke tuwon dawa. Mamman direba ne zai kawo miki wannan in ya sauke shanu, sai ki ba shi amsa ya taho da ita tare da goro.

Kada ki yi wa rubutuna dariya. Bokon yaƙi da jahilci ne, kuma hannun da ya saba da diga da kwaɓin ƙasa ba ya jin daɗin biro. Da kaina na zauna na rubuta, don maganar ba ta shiga kunnen mai rubuta wasiƙa ba ce.

Kakarki Inna Laraba jiki ya yi nisa. Kunu kawai ke wucewa, shi ma sai da lallashi. Shekaranjiya ta sa aka kira ni, ta kori kowa daga ɗakin, ta ce, "Dabo, da uwarka ta rasu ni na goya ka, alhali ni da ita a kakanni muka haɗu. Ban taɓa roƙonka komai ba. Shekara talatin kana haƙa wa mutanen unguwar nan kabari don Allah. To nawa kai za ka haƙa, kai za ka shiga ka karɓe ni. Ban yarda da hannun kowa ba." Na ce mata in sha Allahu. Mi zan ce?

To ga abin da ya dame ni. Bayan ƙaramar Salla ciwon kai ya matsa mini, nan ƙeya. Na hau keke har Batagarawa, wani ƙaramin asibiti inda ba wanda ya san ni, likita ya ɗaura mini abin awo a dantse ya ce hawan jini ne. Ni Dabo! Ya ba ni ƙwaya iri biyu, wata 'yar fara da wata mai sa fitsari, ya ce kowace ɗaya-ɗaya da safe, kuma ba ranar dainawa. A saman azarar zaure nake ɓoye su. Ko Hajo ba ta sani ba, ke ma na haɗa ki da Allah kada ki faɗa wa kowa. In Liman da abokin haƙana Ɗanladi suka ji, tausayi zai sa su karɓe digar daga hannuna su zaunar da ni a inuwa cikin tsofaffi. Sai in ce wa Inna mi?

Ga tambayata. Tun da na fara sha ciwon kan ya tafi, amma in ina haƙa sai in gaji da wuri. Da can in na yi nisa a rami zuciyata takan yi gudu, ƙarfi ya zo mini. Yanzu ina kiranta tana jan ƙafa. Maganin ne, ko tsufa ne ya yi sallama? Ke ce nas, karen bana shi ke maganin zomon bana.

Kawunki,
Dabo

A bayan takardar:

Na manta. Ran nan na gama haƙa na hau keke kai tsaye zuwa wani kemis a Ƙofar Kwaya, ina haki aka auna ni, ɗari da casa'in. Da na koma wata safiya ban yi aikin komai ba, ɗari da arba'in. Ashe aiki ke tayar da shi. Saboda haka ranar da aka yi rasuwa bibbiyu nake sha kafin in ɗauki diga. Na yi daidai?

*

Ibadan
2 ga Afrilu, 1999

Kawu Dabo,

Wa alaikumus salam. Barkanmu da Sallar Layya, Allah ya maimaita mana. Ina gaida Inna Hajo da kowa da kowa. A tsaye nake rubuta wannan a bakin tasha, Mamman yana ta danna mini oda, ga jarrabawa ta sako mu gaba.

Labarin Inna ya karya mini zuciya. Allah ya ba ta sauƙi, ka shafa mini kanta.

Kawu, hawan jini ba abin kunya ba ne, rabin manyan da nake jinya shi ke damunsu. Amma tunda ka haɗa ni da Allah, bakina ƙanin ƙafata. Gajiyar da kake ji farar ƙwayar ce, aikinta ke nan ta hana zuciya gudu. Kada ka fasa shan maganinka ko ranar aiki ce, kuma ka riƙa shan ruwa da yawa. In na gama jarrabawa zan zauna in rubuto maka dogon bayani.

Ɗiyarka,
Fadila

*

Ƙofar Durbi, Katsina
25 ga Afrilu, 1999

Ɗiyata Fadila,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, Allah ya yi miki albarka, ya ba da sa'ar jarrabawa. Gajera ce kamar wutsiyar akuya, amma na gode. Muna lafiya. Gari ya cika da maganar sojoji za su sauka ƙarshen watan gobe, kowane saurayi ya zama ɗan siyasa, ka nemi mai riƙe maka shebur ka rasa.

Inna yanzu ba ta gane mutane sosai. Gwaggonki Kulu ta tare a ɗakinta tana jinya. Ni dai in na shiga na yi sallama takan buɗe ido ta ce, "Kana nan?" In ce ina nan.

Hankalina ya kwanta da kika ce kada in fasa sha ranar aiki. Maganar bibbiyun da na rubuta a baya kuwa ba ki ce komai ba, na ce to shiru ma magana ce, da kuskure ne da nas ta tsawata. Ina nan a kai. Abu ɗaya dai, in na gama haƙa na fito daga rami, ko na ɗago daga sujada, sai in ji jiri, gari ya yi duhu na ɗan lokaci. Na ɗora wa zafin rana laifi. Bana zafin ba ya jin magana, ƙasar maƙabarta ta zama dutse.

A gaida abokan aiki.

Kawunki,
Dabo

*

Ibadan
16 ga Mayu, 1999

Kawu,

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni, gaisuwa ta biyo baya. KA DAINA SHAN BIBBIYU. Daga ranar da wannan ta same ka, ka koma ɗaya-ɗaya kamar yadda likita ya ce.

Jiya takardarka ta zo hannuna, mako uku tana hanya. Da na karanta "maganar bibbiyun da na rubuta a baya" sai na zazzage jakata na nemo ta farkon, na juya ta. Wallahi Kawu ban taɓa juya ta ba sai jiya. Na karanta gabanta a tsaye, na amsa a tsaye, na cusa ta cikin littafi. Shirun da ka ɗauka amsa ce, sakacina ne.

Ka saurare ni. Jinin kowa yana hawa in yana aikin ƙarfi, har na ɗan shekara ashirin. Haka Allah ya yi jiki, don jini ya isa damatsa da ƙafafu, in an huta ya sauka da kansa. Abin da mai kemis ya auna kana haki, aikin ya auna. Awon gaskiya shi ne na safiyar da ka je a huce, kuma shi ya nuna ƙwaya ɗaya tana yi maka aiki.

Farar ƙwayar tana riƙe zuciya kada ta yi sauri. Ɗayar tana fitar da ruwan jiki, ga zufa ita ma tana fitar da nata. Lokacin da kake sara ba za ka ji komai ba sai gajiya, don aikin da kansa yana tallafe da jinin. Hatsarin yana lokacin da ka ajiye digar. Jijiyoyi suna nan a buɗe, jini ya gangara ƙafafu, ruwan jiki ya ragu, zuciyar da za ta yi sauri ta maido shi sama an ɗaure ta ninki biyu. Sai kai ya rasa rabonsa. Duhun da kake gani ke nan, kuma gaba da shi suma ne.

Don haka in ka gama haƙa kada ka tsaya cak, kada ka miƙe farat ɗaya. Ka zauna a inuwa, ka sha ruwa, ka motsa ƙafafu. Ka koma wurin likitan nan ka faɗa masa irin aikin da kake yi, zai iya canja maka magani. Kada kuma tsoro ya sa ka daina gaba ɗaya, yanke farar ƙwayar kwatsam shi ma hatsari ne.

Na yi tunanin buga waya gidan maƙwabcinku Alhaji Muhammad Sani a kira ka. Amma wayar a falonsa take, kullum cike da mutane, kuma ka haɗa ni da Allah. Mamman ya yi mini alkawari kwana uku zai iso.

A gaida Inna da Gwaggo Kulu da Inna Hajo.

Ɗiyarka,
Fadila

*

Ibadan
13 ga Yuni, 1999

Kawu Dabo,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Na dawo lafiya ranar Talata.

Kwana bakwai na yi a Katsina, Kawu, ban ga fuskarka ba. Sau uku na aika zaure a ce ina son gaishe ka, sau uku Inna Hajo ta dawo ta ce kana tare da baƙi. Ran da zan taho na tsaya a bayan ƙyaure na yi sallama, ina jin tarinka, ba ka amsa ba. In fushi kake da ni kan takardar da ban juya ba, ka yi gaskiya, na cancanta. Amma ka faɗa mini da bakinka.

Ba wannan ya sa na rubuto ba. Ranar sadakar bakwai mun toya waina mun rarraba gidaje. Kwano huɗu aka dawo mana da su ba a taɓa ba. Na tambayi Gwaggo Kulu dalili, ta ja ni madafi ta fashe da kuka. Wai ana faɗa a unguwa cewa kai da ka shiga kabari ya fi dubu ba ka taɓa ko gezau ba, kana karɓar Inna ka leƙa ƙasa ka faɗi sumamme. Wai Ɗanladi ya sungumi jarka guda ya juye a ramin, aka ji cuu, aka ga abu ya tashi kamar hayaƙi. Wai wuta ya kashe. Kuma duk wanda ya tambaye ka abin da ka gani sai ka sunkuyar da kai ka ce ba komai.

Inna, Kawu! Matar da ta karɓi haihuwar rabin unguwar nan. Gwaggo Kulu ta daina fita ko ƙofar gida.

Ni na san abin da nake zargi ya kayar da kai. Ina zaune cikin mata ana raɗe-raɗin kakata, maganar tana bakina, na haɗiye ta saboda rantsuwarka. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba. Ruwan ne kawai ban gane ba. Takardata ta same ka kafin ranar? Me ya faru a ramin nan?

Ɗiyarka,
Fadila

*

Ƙofar Durbi, Katsina
22 ga Yuni, 1999

Fadila,

Wa alaikumus salam. Haƙuri sai ma'abocinsa. Lafiya dai ta jiki, da sauƙi. An yi ruwa sau biyu, mutane sun yi shuka.

Ba fushi nake da ke ba. Wa ya isa ya yi fushi, ni? Motar Mamman ta lalace a Tegina, da aka gyara kuma ba man fetur. Takardarki ta shigo hannuna ranar kwana biyar da rasuwa, kina cikin gida, ni ina zaure. Na karanta ta sau biyu. Duk abin da ya same ni yana ciki, kamar kina tsaye a bakin ramin kika rubuta. To da wane ido zan dube ki?

Kin tambaya, zan faɗa, kuma ke ce ta biyu da za ta sani a duniya.

Ranar Asabar ce, ranar da sojoji suka miƙa mulki. Inna ta cika bayan sallar Asuba. Da hantsi aka auna tsawonta da kara aka kawo mini karan, kamar yadda aka saba. Na fita neman masu taya haƙa, unguwa wayam, samari duk sun tafi kallon rantsar da gwamna. Daga ni sai Ɗanladi, shi kuma gwiwarsa ta daɗe da cin amanarsa. Na dubi ranar, na tuna ƙasar, na tuna alkawari. Na ce yau aikin mutum biyar zan yi, jini zai hau fiye da kullum. Na shiga zaure na sha uku-uku. Ko koko ban sa a cikina ba.

Na haƙa, Fadila. Wannan kam na yi. Wurin marmara ne, diga tana tsalle tana dawowa. Na fitar da uwar kabari, na yanka ƙaramin ramin da za ta kwanta, na gyara gefensa da hannuna har ya yi sumul. Ɗanladi yana kwashe ƙasa yana cewa in huta, ina cewa bari in ƙarasa. Rigata ta jiƙe ta bushe ta sake jiƙewa. Ina ajiye diga na ji fitsari ya matse ni, na ce bari in zaga, sai ga makara ta shigo ƙofar maƙabarta. Na ce in na tafi wani zai shiga a madadina. Na daure na tsaya a ramin ina jira.

Aka sauke ta. Liman ya ce bismillah. Na ɗaga hannuwana sama na karɓi wajen kanta, ba ta da nauyin komai. Sai na ji kunnuwana sun toshe, fuskokin da ke sama suka yi nisa. Iyakar abin da na sani ke nan.

Na farka a gindin dalbejiya, jikina sharkaf, ana yi mini fifita da hula. An riga an jera itace an rufe ta. Ɗanladi da Usman ɗan Kulu suka kwantar da ita. Ban ga shigarta ba.

Da yamma Ɗanladi ya same ni ni kaɗai ya faɗa mini sauran. Da na durƙushe, tare muka zube da ita, tana bisa cinyata. Shi ya fara dirowa, shi ya gani. Fitsarin ya kufce mini, Fadila. Ya jiƙa wandona, ya taɓa gefen likkafaninta, ya sauka a inda za ta kwanta. Kafin kowa ya lura ya finciko jarkar ruwan kwaɓa ƙasa ya juye mini a jiki, ya wanke gefen likkafanin, ya kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasar da shebur ya watsar. Ƙasar da rana ta gasa tun safe, in ruwa ya sauka a kanta dole ta yi ƙara, ƙura ta tashi. Wutar da suka gani ke nan.

Ya rufa mini asiri, Allah ya rufa nasa. Ya rantse har ya mutu ba mai ji daga bakinsa. Amma garin neman gira an rasa ido. Ni aka suturta, ita aka tona, kuma abin da aka tona ɗin ƙarya ne.

Kullum sai wani ya ja ni gefe ya ce, "Malam Dabo, tsakaninka da Allah, mi ka gani?" In buɗe baki, sai in ga kaina, ni mai furfura, ina faɗa wa mutum na yi fitsari a kabarin uwar da ta goya ni. Sai in ce ba komai. Na san "ba komai" ɗin nan ita ke ƙara wa wutar itace, kuma gobe ma ita nake faɗa.

Maganin ban ƙara taɓa shi ba tun ranar. Na ga abin da kika rubuta game da dainawa. Ciwon ƙeya ya dawo, zuciyar kuma tana bugawa ko ina zaune. Na ce ya yi abin da zai yi.

Ki yafe mini sallamarki da ban amsa ba.

Dabo

*

Ibadan
29 ga Yuni, 1999

Kawuna,

Assalamu alaikum. Na ba wani ɗan garinmu mai hawa motar fasinja wannan, ban jira Mamman ba. Ina gaida Inna Hajo da Gwaggo Kulu.

Na yi kuka har abokiyar ɗakina ta ɗauka wata rasuwar aka yi. Kawu, abin da ya same ka ina ganinsa a asibiti kowane mako. Wanda ya suma ba ya riƙe komai, ko soja ne, ko malami ne, balle wanda ya sha ƙwayar fitsari uku. Alƙalami ma ba ya rubuta wa wanda hankalinsa ya gushe. Kai tambaya ka yi, ka yi ta ga wadda ya kamata ta sani. Ni ce ban juya takarda ba. Kullum ina yi wa ɗalibai faɗa su karanta katin majiyyaci gaba da baya, ga shi na kawuna ban yi ba. Kuma na zaɓi rufa asiri a kan buga waya. Da na buga, da ka ji haushina na wata guda, da Inna tana kwance da mutuncinta.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, gobe-goben nan ka koma Batagarawa. Kada ka ci gaba da sha da ra'ayinka, kada kuma ka zauna haka. Ka faɗa wa likita duka, har uku-ukun. "Ya yi abin da zai yi" ba maganar Musulmi ba ce, kuma abin da yake yi shi ne ya shanye wa mutum rabin jiki ya bar wa matarsa jinya.

Na biyu, ka sake ni daga rantsuwa. Zan rubuta wa Liman da hannuna, a matsayina na nas, in ce magani ne ya kayar da kai kuma kuskuren nawa ne. Ɗaya maganar ba sai ta fito ba, ta tsaya tsakaninmu da Baba Ɗanladi. Ba zan rubuta ba sai ka ce to. Amma arba'in ta kusa, Kawu, kuma Inna ba ta da bakin da za ta kare kanta.

Ɗiyarka,
Fadila

*

Ƙofar Durbi, Katsina
14 ga Yuli, 1999

Ɗiyata Fadila,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mu nan alhamdu lillahi, gero ya kai gwiwa. Kulu ta ce a gaishe ki da kyau.

Ki ajiye bironki. Ban kai lalacewar da zan ɓuya a bayan takardar ɗiyata ba.

Na je Batagarawa. Likitan ya yi mini faɗa kamar ya haife ni, yaron da bai kai Usman ba, na sunkuyar da kai na sha. Ya canja farar ƙwayar, ya ce in dawo bayan mako biyu, a auna ni a zaune ba ina haki ba. Da na dawo na faɗa wa Hajo. Ta ce, "Ƙwayoyin saman azara? Tun sharar Sallar Layya na gan su. Na zuba ido in ga ranar da za ka ɗauke ni mutum."

Ranar Alhamis aka yi addu'ar arba'in a ƙofar gida. Mutane ba su kai rabin na ranar uku ba. Da Liman ya shafa fatiha, kafin a watse, na miƙe, a hankali kamar yadda kika ce. Na fito da ƙwayoyin daga aljihu na ɗaga su. Na ce jama'a ina da hawan jini tun bayan azumi, na ɓoye. Na ce likita ya ce ɗaya, ni da wayona na sha uku, na yi aikin rana ba ci ba sha, jinina ya faɗi na suma. Na ce ban ga komai a kabarin Inna Laraba ba sai ƙasa mai kyau.

Aka yi ta gyaɗa kai, ana Allah ya sawwaƙe. Na ce a raina shi ke nan, na tsira da sauran. Har na fara neman wurin zama.

Sai Babaji tela ya ce, "To Malam Dabo, ruwan fa?"

Ɗanladi ya yi wuf ya ce ai don in farfaɗo ya zuba. Babaji ya ce, "In don ya farfaɗo ne, mi ya kai ruwa ga likkafani? Mi ya sa ka kwashe ƙasar ka watsar? Ina tsaye a wurin." Ba da mugunta ya faɗa ba, abin da ke cikin kowa ne ya fito ta bakinsa. Na dubi fuskoki na ga maganata ta farko ta fara zubewa. Ɗanladi yana ta girgiza mini kai.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Fitsari na yi. Da na suma ya kufce mini, ya taɓa likkafaninta. Shi Ɗanladi ya wanke. Najasata ce, ba tata ba."

Wallahi Fadila da ƙasa ta tsage da na shige. Wani daga baya dariya ta kufce masa ya mai da ita tari, na san ko wane ne, na bar shi da Allah. Babaji ya cire hularsa ya rasa inda zai sa ta. Liman ya ce duk wanda ya san bakinsa ya taɓa wagga baiwar Allah ya nemi gafara tun yana da rai, kuma a sake karanta mata Ƙulhuwallahu daga farko. Aka sake. Kulu tana bayan ƙyaure tana ji, kukanta har waje.

Shekaranjiya Malam Hussaini baduku ya rasu. Ina zaune a zaure na ga mai karan awo ya taho, ya rage tafiya a ƙofata, sannan ya wuce gidan Ɗanladi. Ba wanda ya ce mini na daina, ba wanda zai ce. Na bi makara cikin jama'a, aka nuna mini inuwa, na zauna cikin tsofaffi. In na wuce majalisar samari yanzu sukan yi shiru, in na ba da baya in ji ƙus-ƙus. Zan saba.

Da aka gama rufe shi ana fitowa, na ga mutane sun ratse wajen Inna. Kwanakin baya kauce wa wurin ake yi. Mutum tara na ƙirga a tsaye a kanta da hannuwa sama, har da Babaji.

Ni daga gindin dalbejiya na yi tawa addu'ar, ƙafata ba ta kai ni ba tukuna. Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da aka kawo ni gidanta ina maraya, har na shekara tara ina jiƙa shimfiɗa. Kullum kafin gida ya tashi ta wanke tabarmar ta shanya a bayan ɗakinta, in 'ya'yanta suka tambaya ta ce ruwan randa ne ya zube. Har ta koma ga Allah ba wanda ya ji a bakinta. Ni kuwa sai da na bar ta kwana arba'in a bakin mutane.

Ki sa ni a addu'a.

Kawunki,
Dabo